Dasashina na jini duk safiya, in daina goge wurin ne?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema a kan wata matsala da na daɗe ina rainawa. Kusan wata huɗu ke nan, duk safiyar da na sa buroshi a baki, in na tofar sai in ga kumfar makilin ta koma ja. Ba na jin ciwo ko kaɗan, kuma ina kurkurewa sau biyu jinin ya tsaya. Da farko ta ƙasa ne kawai, bayan haƙoran gaba, yanzu ya kai har wajen turame. Shekaranjiya rake na sha a nan Birnin Kebbi, na duba abin da na tofar, sai ga jini a jiki. Sati uku ke nan da na daina kai buroshi wajen, saman haƙoran kawai nake shafawa a hankali, don a ganina ni nake fama ciwon. Amma bai ragu ba. Jiya kuma uwargida ta ce mini, cikin ladabi, numfashina ya canja. Wannan maganar ce ta hana ni barci. Don Allah wanda ya san abin yi ya taimaka.

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne. Ka shiga kemis ka ce a ba ka Flagyl da Ampiclox na kwana biyar. Ni da shi na yi, ya ɗauke.

Maman Walid: Ya ɗauke bai dawo ba, Ɗan Jega?

Ɗan Jega: Yakan dawo bayan wata biyu ko uku, sai in sake sha.

Kawu Bunza: Ku yaran yanzu kun yada aswaki kun kama roba, shi ad dalili. Mu da munka tashi, icen marke ko dogon yaro muke taunawa tun asuba, in dasori ya yi jini a jiƙa bagaruwa a kurkure baki, shi ke nan. Na wuce shekara sittin, haƙori guda kaɗai anka taɓa cire min. Ɗana, aje burushin ga, koma ga sunna.

Anti Likita: Barkanmu da dare. Kamar yadda nake faɗa kullum, ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar sashen haƙori ce, wankin haƙori shi ne aikina na yau da gobe. Baban Ilham, abu na farko, kuma shi ne mafi muhimmanci a duk abin da zan rubuta: ka koma goge wurin da ke jinin, tun daren yau. Barin wurin da ka yi sati uku shi ya ƙara ta'azzara abin.

Ga yadda yake. Duk bakin ɗan Adam akwai ƙwayoyin cuta. Suna haɗuwa da miyau da ragowar abinci su yi wata farar dauɗa mai yauƙi da ke manne a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Ka sa farce ka kankari gindin haƙorinka da safe, abin nan fari-fari mai laushi da za ka gani shi ne. In ya kwana biyu a wurin, jiki sai ya tura jini da yawa don yaƙar ƙwayoyin cutar, dasashin ya kumbura, ya yi ja, ya yi taushi kamar nunannen tumatir, abu kaɗan ya taɓa shi sai ya fashe. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don buroshi ya taɓa shi, kamar yadda hannunka ba ya jini don ka cuɗa shi da soso. Buroshin tona asirin ciwon kawai ya yi.

An gwada wannan a ƙasar Denmak a 1965. Aka sa wasu masu lafiyayyen baki su daina goge haƙori gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dukkansu dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar sati guda ya warke, ba allura ba ƙwaya.

Baban Ilham: Ikon Allah. Ke nan da hannuna na ƙara wa kaina. To Anti, in na goge jinin ya fi na da fa?

Anti Likita: Zai fi, a kwana uku ko huɗu na farko. Kada ka tsorata ka sake gudu. Ka sayi buroshi mai laushi, ka rabu da mai tauri ɗin nan da maza ke so wai ya fi fitar da datti. Ka karkata shi gashin ya kalli gindin haƙori, rabi a kan haƙori rabi a kan dasashi, kana jujjuyawa a hankali, ba dirza kamar ana wanke tukunya ba. Minti biyu cur, safe da kuma dare kafin ka kwanta, na daren ma ya fi muhimmanci don miyau yana raguwa cikin barci. Bayan haƙoran gaba na ƙasa, ka miƙar da buroshin tsaye ka shigar da kansa. Ka yi amfani da makilin mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, in ka gama ka tofar kawai, ba sai ka wanke shi tas da ruwa ba. Buroshin da gashinsa ya baje ya gama aiki, wata uku ake canjawa. Za ka iya kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kwantar da kumburi. Ka ba shi kwana 10 zuwa 14 ka gani.

Ɗan Jega: Amma Anti ni fa da maganin kemis na ga sauƙi, da idona na gani.

Anti Likita: Na yarda ka gani, ƙanena. Ƙwayar tana rage ƙwayoyin cutar na ɗan lokaci, amma dauɗar tana nan manne inda take, shi ya sa kake komawa kemis duk wata biyu. Ka bar juji a ƙofar gida kana fesa maganin ƙuda. Kuma yawan shan waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba yana sa ranar da kake buƙatarsu da gaske su ƙi yi maka aiki. Akwai ciwon dasashin da ake ba da Flagyl a kansa, amma sai an duba baki an gani.

Kawu Bunza: 'Yata, ba ki ce komi ba kan aswaki. Ko shi ma asibiti ta hana?

Anti Likita: Haba Kawu, wa ya isa? Aswaki yana aiki sosai in an iya shi, kuma mai yin sa sau biyar a rana da kyau ya fi mai buroshin da ke shafawa sau ɗaya a gurguje. Inda nake ganin matsala a wajen aiki shi ne, yawancin mutane haƙoran gaba kawai suke gogewa, ta waje, suna tafe suna hira. Ta ciki wajen harshe da turamen can ƙurya ba ya isa, don icen miƙe yake. Wasu kuma ba sa tauna kan ya yi laushi, sai su yi ta kartar dasashi da busasshen ice har ya janye, saiwar haƙori ta fito fili. A tauna shi ya yi laushi, a yanke kan da ya tsufa, a bi kowane haƙori ciki da waje. Ni da kaina aswaki nake yi da rana, buroshi safe da dare. Bagaruwa kuwa tana ɗaure fata, shi ya sa jinin ke tsayawa, amma ba ta cire abin da ya kawo shi. Gawayi da toka da ake dirzawa su ne ba na so, suna cinye ƙwarin haƙori, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa.

Kawu Bunza: To, wagga magana ta shiga. Amma ban yarda roba ta hi ice ba.

Malam Ƙarami: Kawu, ba a ce ta fi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da aswaki a kowace sallah. Manufar tsarkin baki ce, wanda ya haɗa biyun bai saɓa komai ba. Tunda an zo wajen, akwai masu tambayata ko jinin dasashi yana karya alwala. A mazhabarmu ta Malikiyya fitar jini daga baki ba ya karya alwala. Mai azumi kuma ya tofar da shi, kada ya haɗiye da gangan.

Maman Walid: Jazakallahu khairan Malam, wannan ta daɗe tana damuna. Anti, ni tawa daban ce. Cikina wata biyar, tun wata na uku nake ganin jinin nan, ga shi ko warin makilin na ji sai amai. Surukata ta ce in rabu da shi, kowane ciki da haƙorinsa yake tafiya, ita ma haihuwa tara ta yi, haƙori shida ta rasa. Wai jariri ne ke tsotse ƙarfin haƙorin uwa.

Anti Likita: Allah Ya raba lafiya, 'yar uwa. Jariri ba ya cire komai daga haƙorin uwa. Abin da ke faruwa, sinadaran jikin mai juna biyu suna sa dasashi ya riƙa kumbura da 'yar dauɗar da a da ba za ta dame shi ba. Yakan fara a wata na biyu ko na uku, ya tsananta wajen wata na takwas, ya lafa bayan haihuwa. Ga laulayi, ga kwaɗayin zaƙi, ga mace ta bar goge baki saboda amai, ciki bayan ciki. Haka iyayenmu suka rasa haƙoransu, Allah Ya saka musu. Ki nemi buroshin yara mai ƙaramin kai, ki canja makilin zuwa wanda ƙamshinsa bai dame ki ba, in ya gagara ki goge da ruwa zalla, ya fi bari. In kin yi amai kada ki goge nan take, ki kurkure da ruwa ki jira kamar rabin awa, don tsamin ciki yana tausasa haƙori. Wankin haƙori ba ya cutar da ciki, watannin tsakiya da kike ciki yanzu ma su suka fi daɗin yi. Ki faɗa musu a wajen awo.

'Yar Yauri: Wankin haƙori kam a'a! Yayata ta je an yi mata, ta dawo haƙoranta duk wushirya, biyu suna girgiɗi, ko ruwan randa ba ta iya sha. Da ƙafarta ta je lafiya lau, inji ya ɓata mata baki. Ni ba mai sa mini ƙarfe a haƙori.

Ɗan Jega: Ni ma na sha jin haka. An ce injin kankare haƙorin yake yi.

Anti Likita: Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai a aikin nan, don tana hana mutane zuwa sai lokaci ya ƙure. 'Yar Yauri, ban ga bakin yayarki ba, amma na ga irinsa ba adadi. Dauɗar nan mai laushi in ta daɗe tana daskarewa ta zama kanta, tauri kamar siminti, ruwan ɗorawa ko baƙa-baƙa, musamman ga masu cin goro. Wannan ba buroshi ba aswaki da zai cire ta. Tana nan tana tura dasashi ƙasa, ciwon yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙori a hankali, shekara da shekaru, ba zafi. A ƙarshe kantar ce ke cike gurbin, ta haɗe haƙoran kamar an yi musu yaɓe. Ranar da aka cire ta sai ramin da ciwo ya riga ya haƙa ya bayyana, mai baki ya ce inji ne. Injin girgiza yake yi da feshin ruwa ya ɓanɓare kantar, ba ya yanka haƙori. Jin sanyin ruwa kuwa gaskiya ne, yakan yi kwanaki ko 'yan makonni ya wuce.

Matakin farko, na kumburin dasashi kawai, yana warkewa sarai. In ya kai ga ƙashi, sai dai a tsayar da shi inda ya kai. Shi ya sa nake roƙon mutane su zo tun abin yana jini kawai.

'Yar Yauri: Gaskiya ta daɗe tana fama da warin baki kafin ta je, kuma ta bayan haƙoranta duk ya yi baƙi. Amma har yanzu ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Nas Gusau: Ina biye da ku daga Zamfara. Bari in ƙara ta ɓangarenmu, don ba kowane jinin dasashi ne na dauɗa ba. Mai ciwon suga da bai daidaita ba dasashinsa yana saurin lalacewa, ciwon dasashin kuma yana hana sugan sauka, kowanne yana ingiza ɗan uwansa. Baban Ilham, in ka haura arba'in ko akwai suga a gidanku, ka auna. Masu shan maganin hawan jini irin su nifedipine da amlodipine, da phenytoin na farfaɗiya, wasunsu dasashin yana tsirowa ya hau kan haƙori. Masu shan aspirin ko warfarin jininsu ba ya saurin tsayawa. Kada kowa ya ajiye maganinsa saboda wannan, ya koma wa likitan da ya rubuta masa. Sai ƙarancin bitamin C ga wanda ya yi watanni ba ya samun ɗanyen abu, tuwo da busasshiyar miya kawai. Gwaiba, lemu, tumatir, tattasai, mangwaro, garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono, duk suna da shi. Mai shan sigari kuma kada ya ce shi ba ya ganin jini, taba tana matse jijiyoyin dasashi ne ta ɓoye alamar, ciwon yana ci ta ƙasa.

Wanda ba a jira da shi ko kwana ɗaya: jini ya riƙa zuba da kansa ba a taɓa ba, mutum ya farka ya ga jini a matashi, ko ya haɗu da haɓo, ko tabo baƙi-baƙi a fata ba bugu, ko zazzaɓi da kasala da ɗashewar ido. Wannan gwajin jini yake so, don yana iya zama ciwon jini ko zazzaɓin Lassa. Manomanmu kuma su sani, wanda kububuwa ta sara in dasashinsa ya fara jini dafin ya hana jininsa daskarewa ke nan, asibiti za a nufa neman allurar dafi.

Baban Ilham: Shekarata 44, kuma mahaifiyarmu da suga ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Ban taɓa aunawa ba. Zan je.

Uwar Biyu: Don Allah ku yi haƙuri in katse ku. Tun ɗazu nake karantawa gabana yana faɗuwa. Ɗiyar ƙanwata tana ƙauye wajen Argungu, shekararta uku. Ta yi ƙyanda watan jiya, ta rame ƙwarai. Da na je ranar Juma'a na ga dasashinta yana jini, bakin yana wani irin wari mai ƙarfi, miyau yana ta zuba, ba ta son cin komai. Yau uwar ta kira ta ce kumatu ɗaya ya kumbura. Kakarta ta ce iska ce, ana shafa mata magani ana turare. Ita ma ruwan gishirin za a yi mata?

Nas Gusau: A'a Uwar Biyu! Wannan ba ta ruwan gishiri ba ce. Ki kira su yanzu.

Anti Likita: Yaya, ki saurare ni da kyau. Duk abin da na faɗa a sama na a jira sati biyu, na manya ne masu lafiya, bai shafi yarinyar nan ba. Abin da kika lissafa, yarinya 'yar shekara uku, ramammiya, ta tashi daga ƙyanda, dasashi na jini, wari, yanzu kumatu ya kumbura, alamomin cutar noma ne, zaizayar baki, wadda a ƙauye ake ce wa ciwon daji ko iska. Ba zan yanke hukunci daga waya ba, amma ba a jira a tabbatar. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa. Daga dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki wurin kumburin ya yi baƙi, naman ya mutu, kumatu ya huje. In ba a yi magani ba, tara cikin goma ba sa rayuwa. In an kama ta da wuri kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Ba a ɗaukarta daga wani, kada a ƙyamaci yarinyar.

Gobe da sassafe a kai ta asibitin da ya fi kusa, a faɗa musu ana tsoron noma ce. A Sakkwato akwai asibiti na musamman na wannan cutar tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da su tun 2014, kuma magani kyauta ne. Yaran Kebbi da Zamfara da yawa can ake kai su. A daren nan a ci gaba da ba ta ruwa da kunu da cokali ko kaɗan-kaɗan ne, a daina cusa mata komai a bakin.

Nas Gusau: A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Yankinmu ne abin ya fi shafa. Duk mai ƙaramin yaro da ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani, ya riƙa buɗe bakinsa yana dubawa.

Uwar Biyu: Innalillahi. Uban ba ya gari, kuma kakar ba za ta yarda da maganata ba, ni ƙaramar suruka ce a wajenta.

Kawu Bunza: 'Yata, turo min lambar wani babba na gidan ta akwatin sirri. Ni za ni yi magana da tsohuwar, mu mun san harshen junanmu. Na ga yaron da wanga ciwo ya ci ma huska a garinmu tun ina saurayi, har yau ban mance ba. In kuɗin mota na, ina da rabi.

Baban Ilham: Ni zan cika sauran, Kawu.

Malam Ƙarami: Allah Ya ba ta lafiya. A gaya wa kakar addu'a ba za ta tsaya ba, a mota ma ana yi.

Baban Ilham: Salam jama'a, yau kwana 12 da maganarmu, na ce bari in dawo da bayani. Kwana huɗun farko jinin ya yi yawa har na kusa sake bari, na daure. Daga kwana na shida ta sama ta daina gaba ɗaya. Bayan haƙoran gaba na ƙasa ne ya ƙi, da na haska da fitilar waya a madubi sai na ga abin nan ruwan ɗorawa ya zagaye su kamar ganuwa. Na je sashen haƙori na asibitin Sir Yahaya an wanke. Ɓaraguzan da suka fito, da na taɓa da yatsa kamar tsakuwa. Harshena yana jin 'yan ramuka tsakanin haƙoran, ruwan sanyi yana ɗan tsira mini, amma ba wanda ke girgiɗi. An nuna mini yadda ake sa zaren sakace maimakon tsinken tsintsiya da na saba. Sugan kuma an auna, an ce ya ɗan hau, an ba ni ranar komawa a sake gwadawa kafin in karya.

'Yar Yauri: Yaya, da zafi?

Baban Ilham: Akwai tsirawa a wasu wuraren, da ƙarar injin, amma ba abin da ba a jurewa ba ne, ƙanwata. Uwar Biyu, ya jikin 'yarmu?

Uwar Biyu: Muna Sakkwato har yanzu, ni nake jinya tare da uwar. Kawu ya yi magana da tsohuwa a daren, da asuba muka kama hanya. Sun ce ita ce, amma ba ta kai ga hujewa ba. Akwai wani ɗan wuri ta cikin kumatun da ya riga ya yi baƙi, sun cire shi, kullum ana wankewa. Kumburin ya saɓe, warin ya tafi. Jiya ta shanye madarar da suke ba ta, ta miƙo kofin a ƙara mata. Sun ce ba za su sallame mu ba sai nauyinta ya ƙaru, kuma in mun koma gida a kawo yayanta mai shekara biyar a duba bakinsa shi ma.